Zan biya kuɗi in je aikin sa kai a gidan marayu a ƙasar waje: me kika gani, Anti?

Tambayar ta fito ne daga wata budurwa a Garwa. Ta gama jami'ar Ngaundare, ta miƙa takardun neman aiki nan da can, tana zaune a gida. Sai ta ci karo da talla a Facebook, wai wata ƙungiya na neman matasa su je aikin sa kai na mako huɗu a gidan marayu a wata ƙasa ta gabashin Afirka, kowa zai biya kusan sefa miliyan ɗaya ban da kuɗin jirgi. Yayanta ɗan kasuwa ya ce zai ɗauki nauyi. Ta ce: "Anti, tun ina ƙarama nake son in yi wa 'ya'yan talakawa wani abu. In je? Idan kuma ba ta nan ba, ta ina zan fara?"

Ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya, ya kuma yi wa yayanki albarka. Samun yarinya mai digiri da ke tunanin yaran da ba nata ba abin farin ciki ne, kuma ba na so abin da zan faɗa ya kashe miki gwiwa. Amma tunda kin tambaye ni, ga abin da na gani: kada ki biya kuɗin nan, kada ki je gidan nan. Na yi shekara goma sha biyar ina aikin kare yara tsakanin Marwa, Kusiri da gabashin Chadi, kuma dalilaina daga can na ɗebo su.

Bari mu fara da kalmar maraya. Idan aka ce gidan marayu, zuciya takan hango yaro wanda ba uwa ba uba ba dangi. A zahiri ba haka yawancinsu suke ba. Ƙungiyar Save the Children ta bayyana tun 2009 cewa a cikin yara biyar da ke irin waɗannan gidaje a duniya, aƙalla huɗu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke kai su, ko kuɗin makaranta, ko naƙasa, ko mutuwar aure.

Mu nan ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Oktoba na 2007 aka kama wasu Faransawa na ƙungiyar Arche de Zoé a Abeche ta gabashin Chadi, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne. Har bandeji aka ɗaura wa wasu yaran don a ɗauka marasa lafiya ne ake fita da su. Da UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Red Cross suka zauna da yaran, sai ga shi 91 daga cikinsu suna maganar gidan da suka fito da babban da suke kira uwa ko uba, kuma yawancinsu daga ƙauyukan Chadi na bakin iyaka ne, wajen Adre da Tine. Iyayen da suka yi magana sun ce alkawarin karatu aka yi musu, a can cikin Chadi, ba wanda ya ambata musu Faransa. A Disamba kotun Injamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su ƙasarsu, Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a Maris na 2008. Yaran kuwa sai da suka yi watanni a Abeche kafin a fara mayar da su gidajensu. Abin da nake so ki riƙe a labarin nan shi ne, a cikin waɗanda suka bi tawagar da iyalan da suka biya kuɗi suna jiran yara a Faransa, da yawa sun yi imani alheri suke yi. Niyyarsu ba ta hana a raba yaro da uwarsa ba.

Akwai wani gidan yara da na riƙa ziyarta a aikina, ba zan faɗi sunansa ko garin ba. Duk lokacin da mota ta tsaya a ƙofa, akwai wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu da yake fara isowa da gudu. Bai san ki ba, bai taɓa ganin ki ba, zai rungume ƙafarki ya ɗaga hannu a ɗauke shi, ya kwantar da kai a kafaɗarki. Baƙi suna jin daɗin wannan ƙwarai, suna cewa yaron akwai son mutane. Ni kuwa gabana ne yake faɗuwa. Ki duba ɗan yayarki ko ɗan maƙwabta mai wannan shekarun: idan baƙo ya shigo, bayan zanen uwarsa yake ɓuya yana leƙe, sai ya ga fuskar uwar ta saki sannan ya matso. Wannan ƙyuyar alamar lafiya ce, domin tana nuna yaron yana da mutum ɗaya da ya san nasa ne. Wanda yake faɗa wa kowa, ya rasa wannan mutumin ne. Wata rana na tsaya na kalli abin da ke faruwa bayan baƙi sun tafi. Yaron ya riƙe ƙarfen ƙofa har ƙurar motar ta kwanta, bai yi kuka ba, ya koma gindin bishiya ya zauna yana kaɗa jikinsa gaba da baya. Ranar Juma'a sai ga wata tsohuwa ta zo da ƙuli-ƙuli ƙulle a bakin mayafinta. Kakarsa ce. Uban ya rasu, uwar ta sake aure a wani gari, tsohuwar ta ji an ce a nan ana ba da abinci sau uku da karatu kyauta. Tafiyar awa biyu take yi ta gan shi. Da kaɗan daga abin da ake kashewa a kansa a gidan ya isa hannunta, da yana kwana a bayanta.

To ki sa kanki a wannan hoto. Kin zo, kin yi mako huɗu, kin goya, kin yi wasa, yaro ya fara kiran ki Anti, ya fara jiran ki da safe. Sai ki ɗauki jakarki. Bayan mako guda wata ta zo, ita ma ta tafi. Ke kin dawo Garwa da hotuna da ƙwalla, shi kuma an sake koya masa cewa duk wanda ya so zai tafi. Masana sun auna illar tashi a irin waɗannan gidaje. A Bukares ta ƙasar Romaniya, daga shekarar 2000, an bi rayuwar yara 136 da ke gidajen reno na gwamnati, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, aka ci gaba da gwada su shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mai renonsu, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Abinci da gado kaɗai ba sa rainon ɗan Adam, sai da fuska ɗaya da ba ta canjawa.

Sai maganar kuɗin. Idan kowane baƙo zai biya miliyan ɗaya don ya zo ya ga marayu, to marayu sun zama haja, kuma mai haja ba ya so ta ƙare. A Kambodiya an ga haka ƙarara: binciken da UNICEF ta tallafa ya nuna gidajen yara sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, lokacin da masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba. A wasu wurare dillalai ke shiga ƙauyuka suna karɓo yara da alkawarin makaranta, a kuma bar gidan cikin tsumma da gangan don tausayin baƙo ya motsa. Abin ya kai Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani a 2018, a Disamba 2019 kuma Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri da ya ja hankalin ƙasashe a kan illar aikin sa kai a gidajen marayu. Ban ce kowane gidan marayu na 'yan damfara ne ba. Na san mata da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna renon jariran da aka tsinta, ba su da komai sai Allah. Amma gida mai gaskiya ba ya buɗe ƙofarsa ga duk baƙon da ya biya, kuma kullum yana neman dangin yaro don ya mayar da shi.

Mu kuma muna da abin da ya riga duk wannan. Hadisin da kowa ya haddace ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da kusanci da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar kusancin yatsu biyu. A al'adarmu wannan ɗaukar nauyi cikin gida ake yin sa: baffa ya ɗauki ɗan ƙaninsa, gwaggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta, yaro ya tashi da sunan ubansa, ya san danginsa da gadonsa. Ba zan ɓoye miki ba, riƙo ma yana da nasa ciwon. Na ga 'yar riƙo da aka mayar baiwa, ita ce talla ita ce wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta. Maganin wannan shi ne a tallafa wa gidan a kuma sa ido a kansa, kuma a nan ne ake matuƙar bukatar mutane irinki.

Akwai wata illar da ba a cika faɗa ba, ta mai zuwa taimako ba tare da sanin aikin ba. Na taɓa aiki da wata baiwar Allah da ta zo ziyara, ta ga jarirai ramammu, tausayi ya kama ta, ta je kasuwa ta sayo gwangwanayen madarar gari da kuɗinta ta raba wa iyaye mata. Ba ta shawarci kowa ba. Matan suka riƙa damawa da ruwan da suke da shi, wasu suka rage shayarwa tunda ga madarar Turawa. Kafin mako biyu muna ta karɓar jarirai da gudawa. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ma ba a cika masa ciki da abinci mai nauyi farat ɗaya, jikinsa ba zai iya ɗauka ba, yana iya mutuwa. Shi ya sa a asibiti ake fara masa da wata madara ta musamman, F-75, kaɗan-kaɗan cikin awanni, sai ya farfaɗo a matsa gaba.

Amma ki ga yadda ilimi kaɗan na gaskiya yake aiki. Akwai wani ɗan ma'auni na roba mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na cikin tamowa mai tsanani. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yana bakin rami. Sai kuma ki danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu ki ƙirga uku, idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, a tafi asibiti a ranar ko da damtsen ya nuna kore. Na koya wa wata uwa wannan a ƙarƙashin darbejiya a wani ƙauye kusa da Mora, matar ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ta gwada a hannun ɗanta, ta gwada a na maƙwabciya, ta rataye ma'aunin a ƙusa kusa da ƙwaryar gishiri. Bayan wata biyu ita ta kawo mana ɗan kishiyarta yana rawaya, tun bai kai ja ba. Wanda ya kai ja amma yana iya cin abinci kuma ba wata cuta tare da shi, ana ba shi ƙunshin gyaɗar nan ta magani, Plumpy'Nut, ya sha a gida ana duba shi mako-mako. Duk wannan ya yiwu ne don na yi mata bayani da harshen da take ji, kuma na dawo na sake dawowa. A ƙasar da ba kya jin yarensu, cikin mako huɗu, wace uwa za ki koya wa me?

Kafin in wuce, ki yi hattara da tallar kanta. Wasu daga cikin irin waɗannan sanarwa babu ko gidan marayun. Za a ce ki tura kuɗin rajista ta waya, sai na biza, sai na inshora, daga nan lambar ta mutu. Wasu sun fi haka muni. Mun ji labarin 'yan matan Kamaru da aka yi wa alkawarin aiki mai kyau, suka tsinci kansu a aikatau a Kuwait da Labanon, fasfo a hannun uwar ɗaki. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko dala ɗaya a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci ko ɗan sa kai, duk wanda ya nemi kuɗi da sunanta ɓarawo ne.

Ban ce kada ki taɓa fita waje ba. Hanyoyi na ƙwarai suna nan, kuma alamarsu ita ce su ne ke ɗaukar nauyinki, su tantance ki, su ba ki aiki takamaimai na tsawon lokaci. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda aka kafa a 1970 kuma hedkwatarsa ke Bonn ta Jamus, yana biyan kuɗin tafiya da alawus na zama da inshorar lafiya, rajista a shafinsa kyauta ce, yana kuma ɗaukar 'yan ƙasa su yi aiki a cikin ƙasarsu. Tarayyar Afirka tana da nata shirin matasa tun 2010, ana tura mutum wata ƙasar Afirka na shekara guda. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ita ma ta gudanar da irinsa na shekara guda. Gasar tana da zafi, kuma abin da suke dubawa bayan digiri shi ne me kika taɓa yi da hannunki. Duk ƙungiyar da za ki bi, ki lura da abin da take tambayar ki. Idan za a haɗa ki da yara ba a nemi takardar kotu mai nuna ba ki da laifi ba, wadda muke kira kaziye, ba a sa ki sa hannu a ƙa'idar kare yara ba, ba a nemi wanda zai tsaya miki ba, to ki sani haka suke buɗe wa kowa ƙofa, har da wanda ya zo da mugun nufi. Ki kuma tambaye su wane ɗan ƙasar ne zai zama shugabanki a wurin, da kuma wa zai ci gaba da aikin idan kin tafi.

Chadi ma ƙasar waje ce, ga ta a bakin gadar Ngeli daga Kusiri, kuɗinmu ɗaya, kuma tun 2017 'yan ƙasashen CEMAC, wato ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, ba sa bukatar biza don gajeriyar ziyara. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu 2023, mutane sama da rabin miliyan suka tsallako gabashin Chadi, yawancinsu mata da yara, da yawa ta Adre daga El Geneina. Bukata a can ba ta misaltuwa. Sai dai sansanin 'yan gudun hijira ba wurin da mutum zai sauka da jakarsa ya ce na zo taimako ba ne. Hukumar gwamnatin Chadi mai kula da 'yan gudun hijira da ta Majalisar Ɗinkin Duniya su ke tsara wanda zai shiga da abin da zai yi, ta hannun ƙungiyoyin da suka amince da su. Kuma ba tare da Larabcin Chadi ba, aikinki da yara a can rabi ne. Idan zuciyarki na can, ki fara koyon Larabcin tun yanzu, masu jin sa suna nan a kasuwar Garwa.

Ni dai da za ki bi tawa, shekara guda za ki fara yi a nan arewa. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, yana ɗauke da 'yan Najeriya sama da 70,000 da suka gudo daga rikicin Boko Haram, kuma Hausarki a wurin jari ce da baƙo daga Turai ba shi da ita. Ƙungiyar Red Cross ta Kamaru tana horar da 'yan sa kai. Duk damina ana bi gida-gida a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, kuma mutanen unguwa ne ke wannan aiki.

Akwai kuma wani aiki da ba ya fitowa a hoto, amma ni a wurina ya fi da yawa daga abin da ake tallatawa: takardar haihuwa. Ki shiga kowace makarantar firamare ta gwamnati a bayan gari ki tambayi shugaban makarantar yara nawa ne a ajin ƙarshe ba su da ita. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, idan lokacin jarrabawar kammala firamare ta CEP da ta shiga sakandare ya zo, sai ya tsaya. Shekara shida na karatu, da wahalar iyaye, su tsaya a kan takarda ɗaya. Yarinya kuwa sau da yawa daga nan sai maganar aure. Idan wa'adin da doka ta bayar bayan haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu, a nemo shaidu, a je asibiti likita ya ƙiyasta shekarun yaro, a koma ofishin magajin gari. Uban da bai yi boko ba, ga gona ga kasuwa, wannan zirga-zirgar ta fi ƙarfinsa. Ke kina jin Faransanci, kin san yadda ake cike takarda, kina iya zama da uwa ki yi mata bayani da Hausa ko Fulatanci. Wani lokaci kotu takan fita zaman tafi-da-gidanka don irin waɗannan yara, kuma abin da ake nema a lokacin shi ne wanda ya riga ya tattara sunaye da shaidu.

Game da miliyan ɗin yayanki, ki zauna da shi ku yi lissafi. Ku tambayi shugaban ƙungiyar iyayen yara na wata makarantar ƙauye nawa suke haɗa wa malamin da iyaye ke biya a wata, ku raba miliyan ɗin da wannan adadi, ku ga wata nawa zai tsayar da malami a gaban aji. Ku tambayi nawa ake kashewa a fitar wa yaro ɗaya takardar haihuwa ta kotu, ku sake rabawa. Idan kuma akwai wata bazawara a danginku ko unguwarku da ke shirin miƙa ɗanta don ta kasa, ita ce farkon wadda za a duba.

Roƙo ɗaya zan yi miki, duk inda kika sami kanki. Kada ki ɗauki hoton yaro cikin tsumma ko kan gadon asibiti ki ɗora a intanet, ko da uwarsa ta ce to, domin mai bukata ba ya iya cewa a'a ga wanda ya kawo masa taimako. Yaron zai girma, hoton yana nan. Alƙur'ani ya gargaɗe mu kada mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ni ina ganin wannan na cikinsa.

Ranar Litinin ki je kotu ki nemi kaziyenki, ki haɗa da kwafin digirinki, ki yi rajistar UNV ɗin tunda ba ta cin komai. Sannan ki wuce makarantar firamaren da ta fi kusa da gidanku, ki gaida shugaban makarantar, ki roƙe shi sunayen 'yan ajin ƙarshe da ba su da takardar haihuwa. Idan kin samo, ki aiko mini da adadinsu da unguwar, zan nuna miki takardun da za ki fara haɗawa da ofishin da za ki fara shiga. Ki gaida yayanki da mutanen gida.